Goyon Ɗan Fari a Sararin Sama

Duk mai waya a danginmu ya ga bidiyon nan. Ga ni rataye a jikin wata lema mai ruwan goro, hular kwano a kan hijabi, ƙafafuna na reto a kan wani tafki, bakina na motsi amma iska ta hana a ji abin da nake faɗa. An tura shi daga Gumel zuwa Maigatari, ya tsallaka iyaka har Damagaram, ya dawo mini ta hannun wata tsohuwar ɗalibata, an sa masa kiɗa. Wasu sun ce Hajiya ta je Turai ta koyi shaƙatawa da tsufanta, mijinta ko shekara bai yi a ƙasa ba. Wasu sun ce salati nake yi don tsoro. Ku ma 'ya'yana na san kuna dariyarsa idan na ba da baya, jikokina kuwa a gabana suke kwaikwayon yadda na ware hannuwa. Ban hana kowa dariya ba, abin dariya ne. Amma tunda ni na hau, ni ya kamata in faɗi abin da ya kai ni, kada in mutu in bar ku da labarin masu sa kiɗa.

A wata ruga gabas da Gagarawa aka haife ni, inda ake Fulatanci a ɗaki, Hausa a kasuwa. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa wasa, ba ta goya shi ta fito tsakar gida. In ya yi kuka wata ce za ta ɗauka, ta kawo miki shi ɗaki ki ba shi nono fuskarki a gefe. Haka uwarmu ta yi, haka tata uwar ta yi. Ni na yi karatun boko, na koyar har na riƙe makarantar firamare a Gumel, na zubar da abubuwan ruga da dama a hanya, amma wannan ban zubar ba, kuma ban taɓa ɗaukar sa ƙauyanci ba. Ko a rubutun nan ba za ku ga sunansa ba. Yayanku zan riƙa cewa, kun san wanda nake nufi.

Da aka yaye shi, yayata Adda Hurera ta zo daga Sule Tankarkar ta ɗauke shi. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma a wurinmu ba a hana babbar 'yar'uwa ɗan fari. A hannunta ya tashi. Ita ta sha fama da shi da ƙyanda, ita ta kai shi makarantar allo, yana bin mijinta kasuwar Maigatari kai awaki, a can ya tsinci Faransanci a bakin fataken tsallake. Wannan Faransancin ne ya yi masa jagora daga baya har ƙasar Faransa, ya karanta aikin injiniya, ya sami aiki, ya auri Salamatu, wata 'yar Damagaram mai aikin jinya a can. Duk tsawon wannan lokaci, in ya zo Gumel, daga bakin ƙofa yake gaishe ni, in amsa wa bango. Mahaifinku ne gadar da ke tsakaninmu. Kowace Juma'a in yayanku ya kira, Malam zai buɗe muryar wayar, ya zo ya zauna kusa da inda nake tsintar wake, wai shi inuwar wajen ta fi daɗi. A nan nake jin ko ya yi mura, ko an ƙara masa girma, ko sanyin ƙasar ya shigo. Ban taɓa gode wa Malam a kan haka ba, shi ma bai taɓa nuna ya san ina saurare ba.

Sai Malam ya rasu. Yayanku ya iso bayan an riga an kai shi, ya tarar da ɗakina cike da mata. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, ya haƙuri?"

"Da godiya," na ce, ina kallon carbina.

Ya daɗe a durƙushe. Na ji a jikina cewa wani abu yake jira, matan ma sun ji. Na ja carbi. Ya tashi ya fita, washegari ya wuce Sule Tankarkar, daga can ya koma inda ya fito.

Takaba ta same ni da ƙafar yawo. Ni da na saba fita tun da sassafe ina tsawata wa yara da malamansu, sai ga ni a kulle tsakanin ɗaki da madafa. Na auna tsakar gidan nan da ƙafa har na san inda kowane dutse yake. Na ce in na fita takaba zan sami sukuni, na fita ban samu ba. Sai in hau Keke Napep in je kasuwa in zaga layin masu hatsi ban sayi ko tiya ba, in dawo, in sake ɗaukar mayafi. Ranar Juma'a ta fi kowace rana tsawo. Wayar Malam tana cikin akwati a kashe, tawa kuwa yayanku bai taɓa kiran ta ba, don ba mu saba ba. Ran nan na kasa daurewa, na sami autata Bilkisu tana guga, na yi kamar wucewa zan yi.

"Mutanen Turai lafiya kuwa?"

"In Yaya kike nufi, Inna, lafiyarsa ƙalau. Jiya ma mun yi waya."

"Na ambaci wani ne? Mutanen Turai na ce."

"To mutanen Turai sun ce ba za su zo da sallah ba. Ba bana ba, ba baɗi ba. Sun kuma ce filin da Baba ya bar musu a ba ƙannensu, su ba za su gina ba."

Na ce mata ta ajiye dutsen gugar kafin ta ƙona rigar. Ta ajiye, ta dube ni ido cikin ido, abin da yaran yanzu suka iya.

"Ya ce wanda yake zuwa dominsa a gidan nan ya tafi. Ya ce ni ce nake da uwa a Gumel, shi bai taɓa yi ba."

Na shiga ɗaki na fito, na shiga na fito. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji da yana kusa da na mare shi, ni da ban taɓa ɗora masa hannu ba ko da na alheri. Da ɓacin ran ya lafa sai tsoro ya maye gurbinsa. Mutumin da ya ce a raba filinsa ba fushi yake yi ba, sallama yake yi. Zan mutu a kai ni ba ya nan, 'ya'yan da zai haifa su tashi ba su san hanyar Gumel ba, shi kuma ya rayu yana ɗauka cewa na ba da shi ne don ba na son sa.

Na shiga mota na tafi wurin Adda. Na same ta tana damun fura, ta tsufa amma bakinta bai tsufa ba. Na kewaya na kewaya kafin in kai ga maganar.

"Ke da wane bakin za ki yi magana a kansa?" ta ce. "Ki bar ni da ɗana, ni na san ta inda ake kama shi. Ɗan fari ba a bin sa."

Ta kira shi kuwa, ta yi masa faɗa, ya ba ta haƙuri, ya ce ita in ta so zai aiko a kai ta ta gan shi. Maganar Gumel dai bai canza ba. Ana cikin haka Salamatu ta kira Bilkisu ta ce a gaya mini akwai likitan gwiwa a asibitinsu, tana so in zo a duba ni, kuma zuwan zai dace da hutunsu. Gwiwata ba ta kai a tsallaka teku dominta ba, ni na sani, ita ma ta sani. Na ce a fara neman takardu. Ranar da na je yi wa Adda sallama ta raka ni har bakin hanya.

"Ki ga likita ki dawo. Kada ki je ki zubar mana da kunya a ƙasar mutane."

Likitan ya duba ni cikin ɗan lokaci ya ce tsufa ne, abin da ko mai tallan goro a tashar Gumel zai iya gaya mini. Daga nan suka ɗauke ni zuwa inda suke hutu, wani ɗan gari a bakin tafki, duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina. Ku da kuka tashi a nan ba za ku gane ba. A ƙasarmu abin da ya fi komai tsawo shi ne ƙarfen sabis, in ka tsaya a bayan gari kana ganin mai zuwa tun yana ɗan ɗigo. Can kuwa duk inda na juya dutse ne ya tokare sama, da fari-fari a kansa wai ƙanƙara ce, alhali ana zafi. Rana ba ta fitowa sai ta makara, magariba ba ta zuwa sai mutum ya gaji da jira. Ruwan tafkin shuɗi ne kamar an zuba masa bula, ga shi da yawa, ba mai ɗiba, ba dabbar da ke sha. Kowa na cewa wurin akwai kwanciyar hankali. Ni ji na yi an saka ni a cikin kwano. Na zaga gidan katakon da suka kama, na zaga bakin ruwa, na dawo na sake zagawa. Ga ni ga yayanku a rufi ɗaya, abin da ba mu taɓa yi ba tun da aka yaye shi, amma duk maganarmu ta bakin Salamatu take bi. Ki ce masa abincin ya ishe ni. Ki tambayi Inna ko tana son bargo. Yarinyar nan ta yi ta kai da kawowa tsakanin mutum biyu da ke zaune a tebur ɗaya, har tausayinta ya kama ni.

A nan na san abin da yake kawo su wurin duk shekara. Da safe yayanku zai saɓa wata ƙatuwar jaka, mota ta hau da shi can ƙolin dutse, jim kaɗan sai ka ga mutane sun cika sama, kowa rataye a jikin lemarsa, ba inji ba komai, iska kawai. Ranar farko da na gane cewa ɗaya daga cikinsu shi ne, sai na tambayi Salamatu launin tasa, wai don in san wadda zan kauce wa kallo. Daga ranar, da ya fita nake tsayawa a baranda, wuyana a sama, ina bin mai ruwan goron nan da addu'a har ta sauka a filin ciyawa na bakin ruwa. Da na ga ya fara naɗe ta sai in yi maza in shige ɗaki in ɗauki carbi. Kwanaki suna ta tafiya, ranar komawata na matsowa, maganar da ta kawo ni ko hanyarta ban kama ba.

Ana saura kaɗan in tafi, muna cin abincin rana, Salamatu ta ce ai yana da takardar izinin ɗaukar mutum, ita ma ya sha tashi da ita. Ta ce da wasa ko Inna za ta gwada. Shi ya amsa, idonsa a kan farantinsa.

"Bar wannan maganar. Sai an ɗaure mutum a jikina ake tashi. Inna kuwa ko inuwata ba ta yarda ta taɓa ta."

Da dariya-dariya ya faɗa, amma ba dariya a ciki. Na ajiye cokali. Ni a sanina tun da aka haife shi bai taɓa roƙona komai ba, ko alawa, kuma wannan ma ba roƙo ba ne, ya riga ya yanke amsar da kansa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na juya wajen Salamatu.

"Ki ce masa a nemo mini wando."

Washegari na sa wandon Salamatu a ƙarƙashin zane, na sa takalmin ƙwallo, na ce Allah ya sa kada wani ɗan Gumel ya gan ni. Motar ta yi ta murɗawa tana hawa har kunnuwana suka toshe. A can sama wani fili ne mai gangara, ciyawa shar, ƙarshensa kuma babu komai, sai sarari. Akwai shanu a gefe da ƙararrawa a wuya, gajeru, ba tozo, ƙahon ma abin tausayi. Su na zuba wa ido lokacin da yayanku ya durƙusa a gabana yana ɗaura mini maɗaurai a cinya da ƙugu da kafaɗa. Rabon da hannunsa ya taɓa jikina tun yana shan nono. Ya kifa mini hular kwano, ya koma bayana ya haɗa ƙarafan ɗamarata da tasa.

"Inna, in na ce gudu, ki yi gudu. Kada ki zauna, kada ki tsaya, ko kin ga ƙasa ta ƙare."

"An ji," na ce wa shanun.

Rabona da gudu tun ina bin maruƙa a ruga. Ya ce gudu, na taka, lemar ta tashi a bayanmu ta fizge ni baya, na sake takawa, sai na hango bakin gangaren da tafkin can ƙasa. Ƙafafuna suka yanke shawararsu ba da ni ba, na zauna daɓas. Muka zube tare, lemar ta rufto a kanmu, igiyoyi ko'ina. Turawan da ke jiran layi suka zo suna tambaya cikin harshensu, ya ce musu ba komai. Ya janye yadin daga kaina, ya kai hannu zai kwance ƙarfen.

"Mu bari, Inna. Dama na sani."

"Ka san me? Kai har ka san wani abu? Ɗaga abinka mu tafi."

Sai da maganar ta fita na lura cewa shi na gaya wa, ba bango ba, ba Salamatu ba. Shi ma ya lura, don hannunsa ya tsaya a kan ƙarfen. Ya sake shimfiɗa lemar, ya warware igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya dawo bayana. A karo na biyu na rufe ido na yi gudu da dukkan haushin da na taho da shi daga Gumel, ina ta gudu har na ji ƙafafuna suna taka iska.

Tsoron da na ji ba zan ɓoye shi ba. Na yi kalmar shahada, na yi ta maimaitawa, na riƙe maɗauran kafaɗa har yatsuna suka sage. Da na buɗe ido sai na ga bishiyoyi a ƙarƙashin takalmina, gidaje kamar an watsa tsaba, tafkin ya buɗe gaba ɗaya har da wani a bayansa da ban san da shi ba. Kuma a karon farko tun zuwana ƙasar na hango nesa, duwatsun sun matsa sun ba ni hanya, ƙirjina ya saki. Babu ƙara sai iska. A cikin wannan shirun na fara jin abin da ke bayana. Ƙirjinsa a manne da gadon bayana, gwiwoyinsa ta gefe da gefen ƙuguna, numfashinsa a bayan kunnena, an ɗaure mu tam. Duk macen da ta taɓa haihuwa ta san wannan zaman. Na goya ku dukanku har bayana ya gaji, shi kaɗai ne ban taɓa goyawa ba, sai ga shi da furfura a gemu an ɗaura mini shi. Sannan na lura da wani abu: ba ya ganin fuskata, ba na ganin tasa, kuma babu wani mahaluki da ke jin mu.

"Kai ne ka ce ba ka da uwa a Gumel?"

Lemar ta ɗan karkata ta daidaita.

"Bilkisu ba ta iya riƙe magana ba," ya ce.

"Ba Bilkisu na tambaye ka ba. Saurara, don ba zan maimaita a ƙasa ba. Ranar da Adda ta zo ɗaukar ka, a amalanke suka zo ita da mijinta. Aka ce in shiga ɗaki, na shiga, na fita ta bayan danga. Gero ya yi tsawo lokacin. Na bi ku ta cikin gona, kuna kan hanya ina cikin gero, kana ta kuka kana miƙa hannu baya. Sai da gonakin suka ƙare na tsaya, don babu sauran inda zan ɓuya. Na dawo rigata jiƙe da nono, na ce wa mutane rijiya na je."

Bakina ya riga ya buɗe. Na gaya masa wa yake zaɓar tsokar da ake kai masa in ya zo hutu. Na gaya masa dalilin da mahaifinsa yake buɗe muryar waya ranar Juma'a. Na gaya masa ranar ta'aziyya na san yana jira, kuma da ɗakin ba kowa ma ban san ko zan iya ba, don abin da aka gina mutum da shi ba ya rushewa rana ɗaya.

"Me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini?"

"Ba a faɗa. Mu a wurinmu wanda aka fi so shi ake ɓoyewa. Kuma in na nuna, Adda da me za ta tsira?"

Muka yi wani kewaye a kan ruwan. Da ya sake magana muryarsa ta koma ta yaro.

"Inna, ko sunana ban taɓa ji a bakinki ba."

Na faɗa. Sau ɗaya, da ƙarfi, don iska. Sunan ya yi mini nauyi a harshe kamar ba ni na zauna aka raɗa masa shi ba. In kun koma bidiyon za ku ga wani wuri da lemar ta yi tangaɗi, ni kuma na ware hannuwa. Ba gwaninta yake yi ba, ya saki igiya ɗaya ne yana share fuska, ni kuma na ɗauka faɗuwa za mu yi. Na manta sam da 'yar na'urar ɗaukar hoton da ya maƙala a jikin sanda a gabanmu.

Da mazaunai na sauka a ciyawa. Ƙafata na taɓa ƙasa kunyar ta dawo mini gaba ɗayanta, har ta fi ta da. Ya zagayo zai kwance ni, na kau da kai. Salamatu ta taho da gudu tana tafi, na ce mata ta ce masa a samo mini shayi. Har na baro ƙasar ban sake yi masa magana kai tsaye ba, shi ma bai nema ba. Maganar fili da ta zuwa gida ba wanda ya tayar. Na hau jirgi ban san ko na yi nasara ko na zubar da mutuncina a banza ba, na dawo Gumel na ci gaba da zagaye tsakar gida.

Bilkisu kaɗai Salamatu ta tura wa bidiyon, Bilkisu kuma ta tura wa mutum ɗaya tak, in ji ta. Kafin in huta gajiya bidiyon ya riga ni isa Sule Tankarkar. Na je da tsarabata, Adda ta bar ni a tsaye, ba ta ce in zauna ba.

"Ba lemar ce ta dame ni ba," ta ce. "Ki hau ko jemage ne, ke ta shafa. An nuna mini har sau nawa. Su ba su ji abin da kika ce ba, ni na gani a leɓenki. Sunan da na kira safe da yamma, kina tsammani ba zan gane shi ba?"

"Adda, za mu rasa shi ne gaba ɗaya."

"Ke za ki rasa shi. Ni ina da shi. Allah ya ba ki ɗaki cike da 'ya'ya, ni abu ɗaya ne nake da shi wanda ba ki da shi, kin tsallaka teku kin karɓe."

Ta mayar mini da tsarabar. Daga ranar Adda ba ta sake cin abincin gidana ba. Muna gaisawa a suna da biki kamar maƙwabta, na aika manya sun ba ta baki, ta ce ita ba ta riƙe kowa ba. A haka ta rasu. Ina so ku sani ba ta yi ƙarya ba, kuma kada in ji wani a cikinku ya zage ta a kan wannan. Ta yi mini riƙon da ba wanda zai iya biya, ni kuma na taɓa mata abin da take taƙama da shi. Abin yana yi mini ciwo har gobe. In aka mayar da ni kan dutsen nan zan sake yin gudun, amma ku daina cewa kyauta na hau.

Da kaka ta yi a shekarar, ana cikin yankan gero, Bilkisu ta shigo ta ce mutanen Turai sun sauka a Kano. Sule Tankarkar ya fara zuwa, kamar yadda ya dace, ya yi kwanakinsa a wurin Adda. Ni kuma na share gidan nan, na sake sharewa, na sa aka yanka kaji tun ba a san ranar ba. Ya iso wata la'asar ina zaune a tabarma a tsakar gida, ƙannensa da matansu sun cika wurin. Ya yi sallama, ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni. Na amsa wa bango, na ce Bilkisu ta ba baƙo ruwa. Ya sha, ya ajiye kofin. Sai ya tashi, ya zagaya tabarmar a gaban kowa, ya zauna a bayana, kusa har ina jin ɗumin jikinsa.

"Inna, ga ni a baya. Ki fara mini daga ranar da Baba ya kwanta, ba wanda ya ba ni labarin yadda ya cika."

Na ce wa sauran su ba mu wuri. Na gyara zama, na fuskanci ƙofar madafa, na fara.